Wanda Aka Iske Zaune Shi Ke Biya

Ni ce na kusa raba mahaifina da bencin mai shayi, kuma da niyyar alheri na yi, shi ya sa har yau in na tuna nake jin haushin kaina. Filas na saya masa. Babba, ja, mai hannu, irin wanda in ka zuba ruwan zafi da asuba har la'asar zai ƙona maka baki. Na biya kuɗinsa ina murmushi, ina ganin duk cikin 'ya'yan Baba babu mai hankalina.

Bari in fara da bencin. A bakin tashar mota ta garinmu Gummi akwai wani mai shayi da ya kafa teburinsa a gindin dogon yaro tun ban shiga firamare ba. Gwangwanayen madara a jere bisa juna, burodi a gefe cikin leda, tukunya kan murhu a bayansa, benci uku sun kewaye teburin. Mutum ne siriri marar yawan magana. In yana sheƙa shayi daga wannan kofi zuwa wancan sai ya ɗaga hannu har sama da kansa, kuma ɗigo ɗaya ba ya zuba ƙasa. Baba kuwa manomin shinkafa ne a fadama. In an sallame sallar asuba ba ya dawowa gida, can yake wucewa. Wurinsa ƙarshen bencin da ke kallon gabas, inda zai jingina kekensa da bishiya yana ganinsa. Sai rana ta fito sosai ya hau keke ya gangara gona.

Ni mace ce, ban taɓa zama a wurin ba, ba a ma yi. Duk abin da na sani daga nesa ne. In za mu makaranta ta gefen tashar muke bi, sai in sunkuyar da kai in ƙara sauri kada dattawa su ce 'yar wane ba ta da kunya, amma kunnena yana can. Kusan kullum sai na ji muryar Baba, wadda a gida sai ka matso kake jin ta, ta tashi ta danne ta 'yan kamasho: “Zuba mashi!” Na ɗauka raha ce irin tasu ta maza, ban taɓa tambaya ba.

Ashe doka ce, kuma sai da na haura shekara talatin na san ta. A teburin nan, wanda aka iske zaune shi ke biyan shayin duk wanda ya iske shi. Ka yi sallama, na zaune ya amsa, ya ɗaga murya ya ce a zuba maka, shi ke nan. In ka sa hannu a aljihu ka zage shi. Gobe in kai ka riga zuwa, kai za ka faɗa. To masallacin unguwarmu ne mafi kusa da tasha, ga Baba da saurin tafiya, don haka shi ake iskewa kusan kullum. Bai taɓa ɗaukar hakan asara ba. Mutum ne da ba shi da sarauta, ba shi da mota, bai je Makka ba, amma yana da wuri guda da zai buɗe baki ya ce a ba wani, a ba shi. Wannan kalmar ita ce girmansa, ni kuwa ban sani ba.

Karatu ya kai ni aikin jinya, aiki ya kai ni Abuja, a can na koyi shan gahawa. Kusa da asibitinmu akwai wani shago irin masu rassan nan a ko'ina, wanda in ka shiga na wannan unguwa kamar ka shiga na waccan, kujerun iri ɗaya, kiɗan iri ɗaya, murmushin masu sayarwa ma iri ɗaya. Ga sanyin na'ura, ga ƙamshi tun daga ƙofa. Gaskiya ina son wurin, ba zan yi ƙarya ba. Kullum da safe kafin in shiga aiki sai na tsaya na karɓi kofi ɗaya na takarda, in riƙe shi ina tafiya ina jin kaina wata.

Sai farashi ya fara hawa. Su allon farashinsu irin talabijin ne, ba sa ma wahalar goge alli in za su ƙara, ka kwana ka tashi ka ga lamba ta canza. Aka ƙara, na yi tsaki na biya. Aka sake ƙarawa, kofin kuma ya rage tsawo, na yi tsaki mai ƙarfi na biya. A ɗakin hutunmu na ma'aikatan jinya muka mai da abin muhawara, wai shin ya cancanci kuɗinsa ko bai cancanta ba. Wata ta ce ai kujera da sanyi kake saye, ba gahawa ba. Na ce to ni da ban taɓa zama ba fa? Ran da abin ya ishe ni shi ne ran da na lura kuɗin kofi ɗaya ya wuce na mudun shinkafa a kasuwar Gummi. Na tsaya bakin titi ina kallon kofin, na ce, ke 'yar manomi, mudun shinkafa kike kurɓewa a tsaye kafin ki kai ƙofar asibiti? Tir da ke. A ranar na sayi ɗan ƙaramin filas da gwangwanin garin gahawa, na koma haɗawa a gida. Na huta, kuma na addabi kowa da wa'azi. Duk wadda na gani da kofin takarda sai na ce mata ruwan zafi ne fa, a gida ma yana tafasa.

Ina cikin wannan tashen ne Inna, mahaifiyata, ta kira ni a waya. Bayan gaisuwa da labarin wadda ta haihu da wanda ya yi aure, ta ce, “Babanku ya bar zuwa shayi.”

Na ce, “Lafiya dai?”

Ta ce, “Lahiya lau. Tsada dai. Madara ta tashi, sukari ya tashi, har icce ya tashi.”

Inna ba ta ba da labari gaba ɗaya, rabi take ba ka ta jira ka tambayi sauran. Ni kuwa ban tambaya ba, don ina ganin na riga na san ciwon na san maganin. Washegari na shiga kasuwa na sayo jan filas ɗin nan, da katan ɗin madara, da sukari, da ganyen shayi, na ba direban da ke zuwa garinmu. Na haɗa da saƙo: a gaya wa Baba uwarsa ta ce ya riƙa sha a gida, ya huta da tsadar waje.

Dole in bayyana wannan. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Tun ina ƙarama in na ce abu, ko shirme ne, sai ya ce, “To, uwa ta yi magana.” Wasa ne, amma wasan da ya daɗe har ya zama gaske. Da kayan suka isa ya kira ni da kansa, ya sa mini albarka mai tsawo, ya rufe da cewa, “Yadda kic ce haka za a yi, Uwata.” Na kashe waya ina jin daɗi. Ko kaɗan ban ji yadda muryar ta kwanta ba.

Sai bayan wata huɗu na samu hutu, lokacin ana yankan shinkafa. Safiyar farko da na kwana a gida na ga abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni: an sallame asuba, sai ga Baba ya shigo gida. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, Inna ta kawo masa jan filas da kofi ɗaya, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Na je na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, amma ya rame a wuya, kuma hirar ba ta tafiya. Da, Baba ne jaridar gidanmu. Shi ke dawowa da labarin farashin taki, da wanda injin ban-ruwansa ya lalace, da wanda ya dawo daga haƙar zinariya hannu wofi. Yanzu ni da na zo daga Abuja yake tambaya ko na ji labarin wane. Daga baya na ji cewa wani tsohon abokinsa ya rasu a Gwashi, bai samu labari ba sai bayan kwana uku, an riga an yi addu'a an watse.

Duk da haka ban gane ba, wallahi. Na nuna filas ɗin na ce, “Baba, ka ga yanzu ka huta ko? Da wanda za ka sha a waje sau ɗaya, nan sai ka sha sau uku.” Ya ce, “Ƙwarai kuwa.” Na ɗauki kofin na ce bari in ɗanɗana. Na kurɓa, na kusa fesar da shi a kan tabarma. Ruwa tsararo, ga ɗaci, ga warin hayaƙi, ga wani bauri da ban san daga ina ya fito ba. Baba ya karɓi kofin daga hannuna ya shanye sauran, ya ce alhamdu lillahi.

Na iske Inna a madafa tana hura wuta. Na ce, “Haba Inna! Duk madarar da na aiko, wannan abin kike ba shi?”

Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, “Zamna, likita.” In Inna ta ce mini likita, na san zan sha faɗa.

Ta ce, “Wata huɗu ina ɓata shayin ga da gangan. Na rage sukari, ya shanye. Na bar shi ya yi hayaƙi, ya shanye. Shekaranjiya har kanwa na jefa ciki, ya shanye ya yi hamdala. So nike ya gaji ya koma inda ya saba, amma ina! Tunda uwarsa ta aiko, ko ruwan wanki na zuba mashi sha zai yi. Ke kin ɗauka ruwan zahi yake zuwa sha can?”

A nan ta gaya mini dokar teburin, ta kuma ba ni rabin labarin da ban tambaya ba a waya. Satin da mai shayi ya ƙara kuɗi karo na uku, Baba yana zaune shi kaɗai, sai ga mutum biyar a tare. Ɗaya amininsa ne, wani masunci da muke ce wa Kawu. Sauran huɗun samari ne 'ya'yan abokansa, sun dawo daga haƙar zinariya ta wajen Bukkuyum. Baba ya ce a zuba masu, har da burodi, kamar yadda ya saba. Da ya tashi tafiya ya juye aljihunsa, abin bai kai ba. Mai shayi ya ce a hankali, “Bar shi, Malam.” Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai ɗaya daga cikin samarin, shi ma da niyyar alheri irin tawa, ya zaro damin sababbin kuɗi ya ce, “Baba, bari in cika.” A gaban kowa. Baba ya dawo gida, ya kama zakara ya kai kasuwa, ya kai wa mai shayi cikonsa kafin azahar. Tun daga ranar bai sake bi ta tashar ba. Fadama ma ta bayan gari yake zagayawa.

Inna ta ce, “Da sati biyu zai yi ya huce, na san shi. Kawunku ya zo har sau biyu zai ja shi. Sai ga hilas ɗinki. Ya samu abin ɓuya, ya kuma samu abin da ya ɗaure shi. Kawunku na zuwa sai ya nuna mashi hilas ɗin ya ce, Uwata ta ce in sha gida. Wa zai ja da wannan?”

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma da yake ni mai saurin baki ce, sai na nemi gyarawa nan take. Na ce to zan je in ba mai shayi kuɗi a ɓoye, duk wanda Baba ya ce a zuba wa a zuba. Inna ta ajiye mafici ta ce, “Yi, ki ƙarasa shi. Garin ga wane asiri ke ruhuwa? Kwana biyu zai ji ɗiyarsa mace ce ke biya mashi baki.” Na ce to in ƙara masa abin da nake aikowa. Ta ce duk abin da na aiko taki yake saye da shi, ba zai kai gumina teburin shayi ba, kuma yanzu ba maganar kuɗi ba ce, ƙafa ce ta yi nauyi. Ta ɗauki maficinta ta ci gaba da hura wuta. Ta ce, “Ke kika ɗaure, ke za ki kwance.”

Kwana biyu ina juya abin. Abin da na yanke a ƙarshe abin kunya ne a wurinmu, don ba a yin kyauta a dawo a karɓe, balle ga mahaifi. Ranar jajibirin komawata, bayan la'asar, na same shi a zaure yana gyaran bakin lauje. Na durƙusa na ce, “Baba, filas ɗina na Abuja ya fashe. Ko za ka ba ni wannan in tafi da shi?” Ƙarya ce, nawa yana nan lafiya lau a kan firji, Allah Ya yafe mini. Ya daina abin da yake yi ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, “Ɗauki, Uwata. Naki ne.” Ban tsaya na numfasa ba na ƙara da cewa buhun shinkafar da ya ba ni ya yi mini nauyi, ina so gobe ya ɗora mini a keke ya raka ni tasha. Ga ƙannena maza a gidan, kowannensu zai iya. Ya sani, na san ya sani. Ya mai da ido kan laujensa ya ce, “To.”

Motar Gusau, inda zan canja ta Abuja, ta Anka take bi, kuma ba a kama wannan hanya sai rana ta fito, sai kuma mota ta cika. Muka isa tasha da sassafe, aka ɗora buhuna, na shiga na zauna jikin taga da jan filas a cinyata. Saura mutum uku. Motar tana tsaye bai fi taku goma daga teburin mai shayi ba, duk abin da aka faɗa ina ji. Baba ya tsaya riƙe da kekensa, ya ba teburin baya, yana kallon ɗan kamasho kamar bai taɓa ganin ana loda mota ba.

Mutum uku ne a bencin, cikinsu har da Kawu masunci, ƙato mai farin gemu da murya kamar ganga. Mai shayi ya ɗago ya ga Baba. Ya ɗauki tsumma ya zagayo ya goge ƙarshen bencin da ke kallon gabas, ya sake gogewa, ko da yake babu ko ƙwayar sukari a wurin. Sai a lokacin na lura duk su ukun sun matse a sauran bencin, ba wanda ya zauna a nan.

Baba bai juyo ba. Na fara cewa a raina shi ke nan, na yi ƙarya a banza, na karɓe kyauta a banza. Sai Kawu ya yi gyaran murya ya ce, “Kai manomi! Tsayuwar mi kaka yi nan kamar an dasa ka? Ko sallamar ma ta yi tsada?”

Musulmi ba ya jin wannan ya yi shiru. Baba ya juyo a hankali ya ce, “Salamu alaikum.”

Kafin ya rufe baki Kawu ya amsa ya ɗora da, “Zuba mashi!”

Dokar da ta kore shi ita ta kama shi. Ya iske mutum zaune, an ce a zuba masa, in ya ƙi ya zagi amininsa a bainar jama'a. Ya tura keken ya jingina da dogon yaro, ya zauna a bakin bencin ɗofane, kamar baƙo. Mai shayi ya sheƙa shayin ya ajiye a gabansa, ya ce, “Malam, an kwana biyu.” Iyakar abin da ya ce ke nan.

Kawu ne ya yi bayani, da ƙarfi yadda kowa zai ji, har da ni. Ya ce, “Kai ka ɗauka kai kaɗai abin ya ƙona? Bayan tahiyarka sai da bencin ga ya kusa zama kango. Kowa tsoron riga zuwa yake, dattawa na laɓewa bayan motoci suna jiran wani shi fara zama. Sai munka zamna munka gyara. Yanzu mutum guda kaka biya ma, wanda ya biyo bayanka. Shi kuma shi biya ma na bayansa. Na farko mai shayi ke ba shi, na buɗe kasuwa. Kofi guda kowa ke biya, amma ba mai biyan nashi. Da ka zo da ka ji, amma kana can kana shan kanwa.”

Aka kwashe da dariya. Ashe har labarin kanwar Inna ya iso tasha. Baba ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya kurɓi shayin, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya gyara zama ya shige cikin bencin sosai. Daga nan sai na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba ya dafa, ya ɗaga kai yana duban hanya. Jira yake wani ya zo ya iske shi.

Ba wanda ya zo. Rana ta ɗaga, masu zuwa sun riga sun zo sun tafi. Ya dubi hanyar masallaci, ya dubi ta kasuwa. Wani ya nufo wurin da sauri, Baba har ya buɗe baki, mutumin ya wuce wajen mai faci. Motarmu kuwa ta cika, direba yana ɗaure but da igiya. Na kalli mahaifina, dattijo mai furfura, hannunsa a kan aljihu yana leƙen titi. Tausayinsa da sonsa suka taso mini lokaci guda, har na rasa wanne ya fi.

Na ajiye filas a kujera na ce wa ta kusa da ni ta matsa in fita. Na gyara mayafi, na tsaya ɗan nesa da teburin da na shekara ashirin ina wucewa da kai a sunkuye. Na ce, “Salamu alaikum.”

Mai shayi ya tsaya da mataci a hannu. Kawu ya dubi Baba, ya dube ni, gemunsa ya fara rawa don dariyar da yake dannewa. Baba ya ɗago ya zuba mini ido, kuma a kallon nan na san ya gane komai, filas ɗin da bai fashe ba da buhun da bai yi nauyi ba. Ya amsa sallamar. Sannan ya juya wajen mai shayi, muryar nan da nake ji ina yarinya ta tashi har ɗan kamasho ya waiwayo.

“Zuba mata! A sa madara da kyau, uwata ce.”

Mai shayi ya ɗaga hannu har sama da kansa ya sheƙa. Ban zauna a benci ba, wannan kam ya fi ƙarfina, na durƙusa a gindin bishiya kusa da keken Baba na karɓi kofin da hannu biyu. A jakata akwai abin da zai sayi shayin duk wanda ke tashar. Na danne jakar da gwiwar hannu kamar za ta gudu. Ina kallo Baba ya zaro tsofaffin takardun kuɗi a ninke, ya warware su, ya shafe su a cinyarsa suka miƙe, ya ajiye a kan tebur ba tare da ya dubi kowa ba.

Shayin ya yi zafi, sukari ya yi yawa, citta ta ji, madarar kuwa duk da umarnin Baba ba ta kai ta da ba. In ruwan da madarar za a auna, wallahi bai cancanci sabon kuɗinsa ba, kamar yadda gahawar Abuja ba ta cancanci nata ba. Amma ni ban taɓa shan abin da ya kai shi ba, kuma hawaye na zuba a cikin kofin ina sha ina ƙona harshe, direba yana ta danna oda.

Na miƙe zan tafi sai Kawu ya ce, “A'a, likita, ina za ki? Kin sha na wani. Na bayanki fa?” Na tambayi mai shayi kuɗin kofi ɗaya, na ajiye daidai, ban ƙara ko sisi ba, don yanzu na yi hankali. Na durƙusa na yi wa Baba sallama, ya sa mini albarka a gajarce, hankalinsa ya riga ya koma kan labarin injin ban-ruwa da wani ya fara ba shi. Ban ji haushi ba ko kaɗan.

Na shiga mota na ɗora filas a cinyata. Muna juyawa za mu fita daga tasha na hango wani tsoho da sanda ya nufo teburin, ya tsaya ya yi sallama. Na leƙa ta taga. Baba bai ko bari wani ya riga shi ba.

“Zuba mashi! Uwata ta biya.”

Har muka hau kwalta ina jiyo dariyar Kawu, Baba kuwa bai waiwayo ya dubi motar ba.